Noti a Ƙasan Lilo

A shagon Aurèle, can saman duwatsun Jura,
inda ƙanƙara kan toshe ƙofa wata huɗu,
agogon bango goma sha bakwai ke ta hira,
kowa da muryarsa, ba mai jiran wani.
Ni Solange, autarsa, a nan na yi rarrafe,
na iya ƙidaya tun bakina bai gama nuna ba.

Ina da shekara tara ya ɗaura dalma a zare,
ya rataya a ƙusar da ke bisa ƙofa.
Ya ce, ja shi taƙi guda, ki sake.
Na sake. Muka ƙirga kai-komo ashirin.
Ya ce, yanzu rabin taƙi. Muka sake ƙirgawa.
Lokaci ɗaya suka ci, ko ƙiftawa babu a tsakani.
Na ce sihiri ne.
Ya ce a'a, bashi ne:
iya nisan da ka yi da tsakiya,
iya ƙarfin da za ta sa ta karɓo ka.
Mai doguwar hanya ya zo a guje,
mai gajeriya ya zo yana rangaji,
su iso tare.
Sai dai kar ki ɗaga shi har kunnenki,
in abu ya yi yawa, lilo ma yakan yi ƙarya.

Ya cire dalmar, ya ɗaura cokalin shayinsa.
Lilo bai kula ba. Nauyi ba ruwansa,
tsawon zare kaɗai yake tambaya.
Ninka zaren sau huɗu, tafiyar ta ninka biyu.

Sifirin kuwa ba haka halinsa yake ba.
Wanda ke ma'aunin da uwata ke auna cuku,
ɗora masa kaya, sai ya riƙa sukuwa a kasalance,
rage masa, ya hau rawar ɗoki.
Mai taurin kai ya fi saurin dawowa,
in ji Aurèle, yana kallona ta saman tabarau.

Na tafi ina da sha tara. Marsai, bakin teku,
na yi shekara ashirin da biyu ina sayar da tikitin jirgin ruwa.
Wasiƙa biyu a shekara, wani lokacin ɗaya.

Da na dawo, hannunsa na dama ya koyi kaɗawa.
Yana zaune, ya ɗora shi a gwiwa, yana duban agogo.
Ya ce, biyar a daƙiƙa, tun bara bai canja ba.
Ya yi dariya. Ni ban yi ba.

A can ƙarshen zuwa, lilo yakan tsaya cak,
tsayuwar da ido ba ya kamawa,
nan ne jan ya fi tsanani.
A tsakiya, inda ba abin da ke jansa,
nan ya fi gudu, ya wuce gida bai zauna ba.
Iska da gogayya ke gutsurarsa kaɗan-kaɗan,
shi ya sa ake ba agogo wani kowace Lahadi.

An binne shi a watan Maris, ƙasa na da tauri.
A Yuli babban agogon ya soma makara,
daƙiƙa shida a yini: zafi ya miƙar da sandar.
Na buɗe gilashin, na tare lilon da tafi,
shagon ya rasa murya ɗaya.
Ga notin a ƙasa, gefensa ya suɗe
daidai inda babban yatsansa ke kamawa.
Na murɗa sama, kwata, ban tabbata ba,
na ƙara kaɗan.
Na ja taƙi guda, na sake.
Gobe da ƙarfe bakwai zan gwada da rediyo.